Garka: Tarihin Itatuwan Magani a Gidajen Birnin Zazzau

Idan aka ce tarihin Zazzau, abin da ke fara zuwa wa yawancinmu a rai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe, wato su Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, da Makau da Malam Musa, da ganuwa da ƙofofinta. Wannan shi aka koya mana a aji, shi kuma muka rubuta a jarrabawa. Amma akwai wani tarihin da ba ya cikin manhaja, shi ne na yadda mutanen da ke zaune cikin wannan ganuwa suka riƙa kula da lafiyarsu shekaru aru-aru kafin a gina asibiti ko ɗaya. Babban ɓangaren wannan tarihi a cikin gida yake, a ɗan filin nan na bayan ɗakunan mata ko gefen rijiya, wanda ake kira garka.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, haifaffen cikin birni, kuma tarihi na karanta a jami'a. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauki wannan rubutu a matsayin takardar likita. Nufina in nuna inda garka ta samo asali, da waɗanda suka riƙe ta, da kuma abin da muka yi asara da ta fara ɓacewa.

Birni mai gona a cikinsa

Waɗanda suka gina ganuwar Zariya sun zagaye fili mai faɗi ƙwarai, wanda ya fi ƙarfin gidajen da ke ciki a lokacin. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Bai, akwai gonaki da makiyaya da ƙananan fadamu. Hikimar ita ce, idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, mutane su sami abin ci ba tare da sun fita ba. Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya ratsa Zariya cikin shekarar 1826, kuma a bayanin da ya bari ya ambaci gonaki da yawan itatuwa a cikin garin. Har yau sunayen wurare na ba da shaida, alal misali Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Durumin Maigarke.

Shi ma gidan Bazazzage haka aka tsara shi. Daga zaure a shiga ƙofar gida, a bi ta shigifa a faɗa cikin gida, inda kowace mace ke da ɗakinta. Wani masanin gine-gine mai suna Schwerdtfeger ya auna gidaje da dama a cikin birni, ya fitar da littafi a kansu cikin 1982. Abin da duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya sani shi ne, ɗakuna ba su cinye filin duka. Akan bar wani gefe a kewaye shi da danga ko 'yar katanga saboda awaki. Ruwan wanka da na wanke-wanke nan yake kwarara, tokar murhu da kashin kaji da na awaki nan ake zubawa. Ta haka shuka ke samun ruwa da taki rani da damina, ba a kashe ko anini ba.

Abin da ke cikin garka

Da wuya a sami garkar da babu zogale a jikin dangarta. Ganyensa ake dafawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a ba mai shayarwa da wanda ya tashi daga ciwo, kuma binciken zamani ya tabbatar yana ɗauke da sinadaran gina jiki da na ƙarin jini. Akwai ɗaɗɗoya, wadda ake sa wa a miya, a kuma jiƙa wa mai ciwon ciki ko mura. Akwai shuwaka mai ɗaci, don gyaran baki da ciki. Akwai lalle, wanda bayan adon amare ake ƙunsa shi a ƙafa saboda kaushi da zafi. Lemun tsami da gwaba da gwanda sukan tsaya a kusurwa. Ganyensu ake haɗawa a tafasa, mai masassara ya lulluɓa da zane ya yi surace. Tafasa da rai-ɗore kuwa da kansu suke fitowa da ruwan farko, sai dai a bar su kada a nome. Yakuwa ta ba da ganyen miya, ta kuma ba da zoɓo. Idan gidan na da tsamiya ko kuka ko magarya, to arziki ya ƙaru.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai lura cewa yawancin abin da ke ciki abinci ne. Wasu masana biyu, Nina Etkin da Paul Ross, da suka yi bincike a wani ƙauye na ƙasar Kano, sun nuna cikin 1982 cewa a wurin Bahaushe iyakar da ke tsakanin abinci da magani siririya ce ƙwarai. Tukunyar miya ita ce ke yin rabin aikin tun kafin ciwo ya zo.

Abin da garka ba ta da shi, wurare uku ake nemansa. Na farko lambu, a fadamun Kubanni da Galma, inda ake samun albasa da lansir da sauran kayan rani. Na biyu daji, inda maharba da masu magani ke samo sassaƙen maɗaci da na marke da na hano, da ganyen sabara, da 'ya'yan bagaruwa. Na uku kasuwa, inda fatake ke sauke kanwa daga wajen Barno, da masoro da kimba daga kurmi, da citta daga kudancin ƙasar Zazzau, da kanumfari da hulba da habbatus sauda waɗanda suka yi doguwar tafiya kafin su iso.

Baƙin da suka zama 'yan gida

Mutane da yawa na ɗauka cewa duk waɗannan itatuwa tun fil'azal suna nan. Tarihi bai nuna haka ba. Zogale asalinsa daga ƙasar Indiya yake, kuma ɗaya daga cikin sunayensa, bagaruwar Makka, yana nuna cewa kakanninmu sun san daga gabas ya fito. Gwanda da gwaba da barkono daga nahiyar Amurka suke, ba su shigo Afirka ba sai bayan 1492. Shi ya sa tsofaffi ke cewa gwandar Masar, don su bambanta ta da gwandar daji wadda suka sani tun da farko.

Babban misali shi ne dogon-yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi ko maina. A yau idan aka ce maganin gargajiya na zazzaɓi, shi ake fara ambata. Amma shi ma ɗan Indiya ne, kuma ma'aikatan gandun daji na zamanin Turawa ne suka shigo da shi lardin Barno wajen 1928, daga nan ya bazu. Ke nan Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau gado cikin 1903, ya gama mulkinsa ba a san wannan itace a Zariya ba. Cikin shekaru kaɗan mata suka gwada shi, suka shigar da shi surace da wankan jego, har ya zama ɗan gida.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, kakanninmu ba su ƙi baƙon abu don baƙuncinsa ba. Sukan karɓa su jarraba, wanda ya yi amfani su riƙe shi, wanda bai yi ba su watsar. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji masu iya magana.

Su wa suka riƙe ilimin?

Garka ta mata ce. Maigida na iya dasa lemo ko gwaba, amma uwargida da tsofaffin gida su ne suka san ganyen da za a tsinka, da yawan da za a ba babba, da wanda ba a ba mai ciki. Yarinya takan koya tun tana ƙarama, ta hanyar aike da kallo, idan an yi mata aure kuma ta tafi da sanin, wani lokaci har da reshen dashe. A littafin tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau aka buga cikin 1954, ana ganin yadda al'amuran haihuwa da jego da goyo suke a hannun mata kacokan.

Har ila yau, garka matakin farko ce kawai. Idan ciwo ya fi ƙarfinta akwai inda ake zuwa. Haihuwa ta ungozoma ce, karaya ta maɗori, ƙaho da kaciya da cire beli na wanzami. Akwai 'yar mai ganye, akwai boka, akwai malam. Tsohuwar kirki ta san iyakarta, idan ta ga abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ta ce a nemi masu shi.

Bayan ilimin baka akwai na rubutu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai da Larabci a kan magani, ciki har da na ciwon basir, da na ciwon ido, da wani a kan filasko da yadda ake wanke ciki da shi. Abin sha'awa, har yau asibitocin duniya na ba da ƙwayar da aka yi da irin wannan ganye ga mai taurin bayan gida. Shi ne kuma ya nemi Clapperton, lokacin da suka haɗu a Sakkwato cikin 1824, da a aiko masa da likita daga Ingila. Mai wannan ilimi bai ga laifin neman ƙari daga wajen wasu ba.

Zuwan asibiti

Turawa sun kama Zariya cikin 1902. Cikin 1905 Likita Miller na mishan ya zauna a cikin birni yana ba da magani, kafin a mai da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru cikin 1922, an buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya cikin 1930, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo cikin 1962. Cikin shekaru sittin, garin da ya dogara da garka ya zama cibiyar horar da likitoci da masu haɗa magunguna ta Arewa.

Daga cikin likitocin Turawa akwai waɗanda suka ɗauki itatuwanmu da muhimmanci. Likita Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga cikin 1916, sa'an nan cikin 1937 ya fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Sunan da masana kimiyya ke kiran hano da shi a yau, Boswellia dalzielii, sunansa ne aka liƙa masa. Sunayen da amfanin kuwa daga bakin mutanenmu ya samo su, manoma da maharba da masu magani, waɗanda tarihi bai riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk da haka, 'yan boko na farko da yawa sun tashi da ra'ayin cewa jiƙo da sassaƙe ƙauyanci ne, suka daina tambayar iyayensu mata. A nan igiyar ta fara tsinkewa.

Tilas kuma a faɗi gaskiya, asibiti ya gano abin da garka ba ta gano ba. A shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da ake kawowa da ciwon zuciya da kumburi bayan haihuwa, musamman da zafi. Bincikensu, wanda aka buga cikin 1978, ya danganta abin da al'adar jego, wato wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. Gishirin da ke cikin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Tsofaffin da suka yi wannan da kyakkyawar niyya suka yi, don gudun sanyi, amma mata sun rasa rayukansu. Wanda ke son gargajiya da gaske bai kamata ya ɓoye wannan ba.

Komawa ga ganye

Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu cikin 1986, darajar naira ta faɗi, magungunan waje suka yi tsada, asibitoci suka koma rubuta wa mutum takarda ya je ya saya. Jama'a da dama suka koma ga ganye da sassaƙe. Gwamnati ma ta waiwayo. An kafa hukumar NAFDAC cikin 1993, kuma rajistar magungunan gargajiya da ake sayarwa a kwalba na cikin aikinta. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta ɗauki wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya ta mai da shi maganin Niprisan don masu ciwon sikila. Cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa, abubuwan da kowace uwargida ta sani.

A ƙasar Sin ma haka aka yi. Wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta sun bi tsofaffin littattafan magani, suka fitar da sinadarin kashe zazzaɓin cizon sauro daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade cikin 1972, aka ba ta kyautar Nobel cikin 2015. Da wannan sinadari ake haɗa magungunan da Nijeriya ta koma gare su wajen 2005, bayan kulorokwin ya daina aiki sosai. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a dogara da shan jiƙon ganyen, domin ƙarfinsa na bambanta daga shuka zuwa shuka, kuma maganin da bai kai awo ba ƙwayar cutar yake koya wa taurin kai. Mun ga yadda aka yi rububin tazargade cikin 2020 lokacin annobar korona, ba tare da wata hujja ta gwaji ba.

Ina garkar ta tafi?

Abin baƙin ciki shi ne, lokacin da mutane suka koma neman ganye, garkar ta riga ta fara tafiya. Jama'a sun ƙaru, rabon gado ya yayyanka manyan gidaje. Gidan da na tashi a ciki, sa'ad da nake firamare akwai zogale da lalle da lemun tsami da gwanda biyu da ɗaɗɗoya a bayan ɗakin kakarmu. Yau wurin ɗakuna uku ne na bulo da shago ɗaya mai kallon titi, tsakar gida kuma an shafe ta da siminti. Ba na zargin kowa, domin 'yan'uwa na bukatar wurin kwana. Haka labarin yake a Kwarbai da Kaura da Juma da Limancin Kona. Gonakin cikin ganuwa sun zama unguwanni, kududdufai da yawa an cike su da shara an yi gini, ita kanta ganuwar an cinye ta a wurare da dama.

Wanda ya gaji garka a yau shi ne mai mota da lasifika a bakin kasuwa, da garin magani a ƙullin leda. Hausawa sun ce magori wasa kanka da kanka, kuma tun da can an san shi. Amma a da baƙo ne mai wucewa, yau kuwa shi ne matakin farko ga gidaje da yawa. Bambancin na da girma. Tsohuwar da ta tsinko ganye a garkarta ta san itacen tun yana dashe, ta san mara lafiyan tun yana goye, ba ta karɓar kuɗi, kuma gobe da safe za ta ga yadda ya kwana. Mai ƙullin leda bai san mai saye ba, mai saye bai san abin da aka daka ba, kuma magani ɗaya ake cewa yana warkar da basir da suga da hawan jini da shawara. A daji ma abin ya taɓa, domin masu sassaƙe don sayarwa kan zagaye jikin maɗaci ko hano su kware shi duka, itacen kuma da zarar an yanke masa ɓawo zagaye ya mutu.

Abin da za mu iya yi

Shawarata ta farko ita ce mu rubuta. Kowannenmu da ke da uwa ko kaka ko gwaggo a raye ya zauna da ita da littafi da biro, ya tambayi sunan kowane ganye, da ciwon da ake ba da shi, da yawansa, da wanda aka hana wa. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi saurin ɓacewa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta.

Ta biyu, mu dasa. Garka ba ta bukatar fili mai yawa. Reshen zogale ko na shuwaka idan aka kafa shi da farkon damina kamawa yake. Ɗaɗɗoya da na'ana'a suna rayuwa a tsohon bokiti ko fasasshiyar randa, ruwan alwala ya ishe su. Gidan da ke da yara kuwa a kiyayi zaƙami da cini-da-zugu da zurman, domin 'ya'yansu guba ne, haka ma ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore na yi wa hantar yara illa.

Ta uku, ina roƙon ƙungiyarmu ta nemi hukumar makaranta ta ware ɗan fili a yi garka, kowace shuka da allon sunanta na Hausa da na kimiyya. A cikinmu akwai likitoci da masu haɗa magunguna da malaman gona. Sashen nazarin magungunan tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ɗakin adana ganyayyakinta suna nan Samaru, tafiyar 'yan mintoci.

Ta huɗu, mu riƙe iyakar da tsofaffi suka riƙe. Yaro mai zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya surace. Jariri da mai ciki ba a yi musu gwaji. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya ajiye ƙwayarsa saboda jiƙo, kuma ya gaya wa likita duk abin da yake sha.

Daga ƙarshe, ina kira ga waɗanda suka girme mu a wannan ƙungiya, musamman 'yan cikin birni da suka ga garka da ƙarfinta, su aiko wa Edita da abin da suka tuna na unguwanninsu, don a tara a buga a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya.